Sun tafi da yaron shago saboda harajin maigidansa, doka ta yarda da haka?

Ɗan_Kwari: Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin doka ku taimaka. Jiya wasu jami'an haraji suka zo shagon yayana da 'yan sanda wai ana binsa na shekara biyu, shi kuma ya yi tafiya Legas sarin kaya, kawai sai suka tasa ƙeyar yaron shagon gaba wai sai oga ya dawo, yanzu kuma ana cewa mu kawo kuɗin beli. Wlh uwar yaron tun jiya kuka take.

Barista_A: Wa alaikumus salam. Malam wannan kamun ba shi da gindi. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, sashe na 7 ta hana a kama mutum a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ma haka ta ce. Sannan sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40 to cikin awa 24 za a kai wanda aka kama gaban alƙali, in babu kotun to cikin awa 48, ba wai a ajiye shi kamar kayan jingina ba. Kuma ku gane, bashin haraji daban laifin haraji daban. Wanda bai biya ba takarda ake aiko masa, a sa masa tara, in ya ƙi a bi hanyar doka a riƙe kadararsa. Wanda ya yi takardun bogi ko ya ɓoye cinikinsa da gangan ko ya daki jami'i, shi ne ake gurfanarwa, shi ɗin ma yana da haƙƙin beli.

Maman_Ikram: Hmm Barista a takarda kenan fa. A bangon ofishin 'yan sanda ma an rubuta beli kyauta ne amma je ka gani 😅

Barista_A: Hajiya ban musa ba, shi ya sa ba a zuwa hannu rabbana, a tafi da lauya a nemi ganin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan. Ke ma kina iya tsaya masa, doka ba ta hana mace karɓar beli ba.

Alhaji_Sani77: Ni dai shawarata yayan naka ya dawo ya fuskanci abinsa, in kuɗin da suka yanka masa ya yi yawa ya rubuta ƙorafi cikin kwana 30, kar ya yi shiru har lokaci ya wuce.

Ɗan_Kwari: Na gode ƙwarai, mun samu lauya yanzu haka muna cikin adaidaita za mu can.