Allura ko ɗura? Neman sunan girawutin da Hausa

Jama'a, ku taya ni. Ƙanena zai ɗora bene a wani fili da ke gangaren fadamar Rima, injiniya ya duba ya ce yashi ne sako-sako a ƙarƙashi, sai an yi "girawutin" kafin a zuba fandisho. Baba maginin gidanmu ya gyara hula ya ce, "Injiniya, mi ag girawutin kuma?" Nan muka tsaya cirko-cirko.

Ga yadda aikin yake. Ana huda ƙasa kamar za a haƙa burtsatse, a zura bututu, a dama siminti da ruwa ya yi kamar kunu, sai inji ya tura shi da ƙarfi ya bi duk wata kafa ya cike. Ana yi ana jan bututun sama kaɗan-kaɗan. In ƙarfin ya yi yawa, ƙasa kumbura take yi ta tsage. Dabarar ba ta yau ba ce: wani injiniyan Faransa, Charles Bérigny, ya yi ta a Dieppe tun 1802, da laka da farar ƙasa. Mu da simintin Kalambaina ke bayan gidanmu, suna kawai muka rasa.

Wani malami ya ce "daɓe". A'a, Malam. Daɓe daga sama ake dukansa, wannan kuwa daga ciki yake aiki. "Ciko" ma kawo ƙasa ne a zuba a rami.

"Allurar ƙasa" ta burge ni da farko, don ga tsini ga turawa. Amma allura ɗan digo ce. Wa ya taɓa ganin allurar da ke cinye buhunan siminti?

Ni dai "ɗura" na zaɓa. Duk wanda ya ga uwa ta matse yaro a cinya tana ɗura masa magani, yana so ko ba ya so, ya ga aikin nan. Akwai ƙaramin baki, akwai ruwa-ruwa, akwai tilas.

Ƙanena ya ce to a ce "ɗurar harsashi". Na ce rufa mana asiri, faɗi haka a shingen 'yan sanda ka gani, sai ka yi bayanin inda bindigar take. "Ɗurar siminti" ta wadatar.

Da safe na ji Baba yana ce wa leburori, "Ku kauda bulon ga, yau za a yi ma ƙasa ɗura." Ba wanda ya tambaye shi me yake nufi.