Botox ko allurar wata-wata? Masu ciwon ɓarin kai ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ciwon ɓarin kai na kayar da ni kwana 17 zuwa 18 a wata, ga amai, ko hasken waya ba na iya kallo. Ina da asma, shi ya sa likita ya hana ni propranolol. Amitriptyline kuwa gyangyaɗi yake sa ni a gaban ɗalibai. Yanzu ya ce in zaɓa: Botox, allura 31 a goshi da ƙeya da kafaɗu duk mako 12, ko erenumab da zan riƙa yi wa kaina sau ɗaya a wata. Wanda ya taɓa yi, me ya gani?

Abu Sadik: Ki nemi propranolol, shi ya taimaki maiɗakina.

Nas Hauwa: Malam, ta ce tana da asma fa. Zai iya toshe mata numfashi.

Hajiya Binta: 'Yar uwa, ki gode Allah kin samu likita mai saurare. Ni shekara shida ina shan ƙwayar kemis mai kafin, safe da yamma, har a ƙarƙashin filo nake ajiye ta. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, na sayar da awarwarona. Ashe maganin da kansa ke dawo min da ciwon. Da aka raba ni da shi na yi mako biyu a ɗaki, labule a sauke, ɗaure da kallabi a goshi. Aka ɗora ni kan topiramate, yatsuna suka riƙa tsikari, sunan 'yata ma sai na tsaya na lalubo.

Baban Walid: Erenumab ɗin da ya fito a Amurka a 2018, dala 575 ne kuɗin wata ɗaya. Ki yi lissafi.

Ummu Affan: Wanda yayana ya taho min da shi daga waje bai kai haka ba. Kwanakin ciwona sun ragu sosai, sai dai bayan gida ya yi tauri. Kuma a firji ake ajiye shi.

Ɗan Kurmi: Anti ki yi Botox, kai ya lafa, goshi ya goge kamar na amarya.

Abu Sadik: Nas ba likita ba ce, mu da muka yi jinya mun fi sani.

Nas Hauwa: Ban ce ni likita ba ce. Maman Ilham, in kina son ƙara haihuwa ki faɗa wa likitanki tun yanzu, valproate da topiramate na da haɗari ga ɗan tayi.

Maman Ilham: Na gode. Firjin nan ne damuwata, unguwarmu kan kwana uku babu wuta. Babu dai wanda ya yi Botox ɗin?

Hajiya Binta: Wuta ma da sauƙi. Shugabanki na ba ki izini in ciwon ya tashi? Nawa cewa ya yi kowa ma na ciwon kai, ya yanke min albashin kwana huɗu.

Ummu Affan: Ni surukata har yau cewa take gudun girki nake.