An ce sai an cire wa 'yata haƙora huɗu kafin a sa mata wayar daidaita haƙora, wa ya taɓa shiga wannan?

Maman 'Yan Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta fari shekararta 12, ta gama famfara, amma haƙoranta sun hau juna. Fiƙoƙin sama biyu sun ɓullo can saman dasashi, sun rasa wurin sauka. Likitan daidaita haƙora ya ɗauki hoto, ya auna, ya ce kafin a sa waya sai an cire huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Lafiyayyun haƙora fa, ko ɗigon rami babu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan ya ba ni labari, mai daɗi da marar daɗi.

Baban Samari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yarana biyu na kai wa likita ɗaya, ya cire wa babban huɗu, ƙaninsa kuwa ko ɗaya bai cire ba. Da na tambayi dalili sai ya ɗauko sifar bakin kowannensu, ya auna faɗin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya auna filin da ke muƙamuƙi. Na babban, haƙora sun fi filin da milimita 11 a sama. Na ƙaramin milimita 3 ne kacal, sai aka ɗan kankare gefen wasu haƙora aka sami wuri.

Wanda aka fi cirewa shi ne na huɗu in an ƙirgo daga tsakiya, ƙaramin turmin da ke bayan fiƙa. Faɗinsa wajen milimita 7 ne, in an cire na dama da na hagu an sami kusan 14 ke nan. Ya ce mini in ƙarancin bai kai 4 ba da wuya a cire, in ya kai 10 da wuya a tsallake cirewa, tsakaninsu ne ake dogon nazari. Ki koma ki tambaye shi nata milimita nawa ne. Ni wannan tambayar ce ta kwantar mini da hankali.

'Yar Auta:
Anti, ni aka cire wa ina shekara 13, bari in faɗa miki yadda yaro ke ji. Allurar kashe zafin ce kawai ta ɗan soke ni, cirewar kanta dannawa kurum na ji da wani ƙara a kunne. Inda na sha wuya shi ne leɓena da ya mutu, na yi ta taunarsa ban sani ba, washegari ya kumbura suntum. Ki sa mata ido na awa biyu zuwa uku.

Giɓin ya dame ni da farko, in zan yi dariya sai na rufe baki. A hankali fiƙoƙin suka koma wurin, ya toshe, yau ba mai ganewa. Waya ta yi shekara biyu da 'yan watanni a bakina. Kuskurena ɗaya, robar da aka ba ni in riƙa sawa da dare ta ɓace, na yi shiru. Haƙoran ƙasa biyu sun sake karkacewa, har yanzu abin na ci mini rai, don an cire mini lafiyayyu saboda wannan gyaran.

Uwar Marayu:
Ni nawa nadama ce. Ɗana na da shekara 6 turminsa na nono ya ruɓe aka cire, na ce ai dama faɗuwa zai yi. Ban san shi ke riƙe wa na dindindin wuri ba. Babban turmin da ke fitowa a baya ya matso gaba ya cinye filin, na dindindin da ke ƙarƙashin dasashi ya rasa hanya. Ashe akwai ɗan ƙarfen da ake sawa ya tsare giɓin, ba wanda ya gaya mini. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro kafin ya wuce shekara 7. Masu ƙanana, ku ji.

Malam Mai Nazari:
Tawa an ce a cire, na nemi ra'ayin likita na biyu. Shekararta 9, ganɗarta tsukakka ce, aka sa mata na'urar buɗa muƙamuƙin sama muna murɗawa da ɗan mabuɗi. Ba a cire ko ɗaya ba. Amma dalilin matsewar kowane yaro daban ne, ba na ce kowa zai tsira da wannan ba.

Yaya Ma'aikaciyar Haƙori:
Maman 'Yan Uku, shekaruna da yawa ina taya likita aiki, kuma wannan gardamar ta girme mu duka. Edward Angle, wanda ake kira uban wannan fanni a Amurka, ya tsaya a kan kada a cire ko ɗaya. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi koyarwar, ya ga haƙoran marasa lafiyarsa suna turo leɓe gaba, suna kuma komawa yadda suke, sai ya sake yi wa da yawansu aiki da cire ƙananan turame, ya nuna sakamakon a 1940.

Abin da na gani da idona, in aka tilasta wa haƙora jeruwa a inda babu fili, sukan kife gaba, dasashi ya janye, baki ya ƙi rufuwa sai da ƙoƙari. In kuma aka cire ba bisa buƙata ba, leɓe na iya faɗawa ciki. Shi ya sa ake ɗaukar hoton fuska ta gefe. Fiƙa kuwa ba a son taɓa ta, ita ce mafi tsawon saiwa a baki.

In an cire, ta ciji audugar rabin awa, kada ta kurkure baki ko ta yi ta tofarwa a ranar, kada gudan jinin ya fita. Washegari ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Farasitamol ya isa, ban da asfirin. In tana da sikila, ciwon zuciya ko matsalar daskarewar jini, ki faɗa tun kafin ranar.

Maman 'Yan Uku:
Allah Ya saka muku da alheri. Na koma jiya, na yi tambayar Baban Samari. Milimita 12 ne a sama, 9 a ƙasa, ya nuna mini da ma'auni a gabana, ya ce faɗin ganɗarta daidai ne, buɗawa ba za ta wadatar ba. Mun amince. Za a fara da na dama biyu, bayan mako biyu na hagu, don ta sami ɓangaren tauna. Na karanta mata saƙon 'Yar Auta, ita da kanta ta ce in an ba ta robar dare a yi mata guda biyu.