Neman kalma: me za mu kira "coalition" na masu zaɓe?

Mai Shiri, Jos: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Gobe ƙarfe 9 na safe zan shiga situdiyo, shirin kan zaɓen Amurka na 2024 ne, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: coalition. Ba na jam'iyyu nake nufi ba, na masu jefa ƙuri'a. Tun zamanin Obama a 2008 jam'iyyar Democrat take jingine da baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da matasa, da 'yan boko na birane. A 2024 Trump ya ɓantari wani abu daga cikinsu, ya cinye jihohi bakwai ɗin da ake kai ruwa rana a kansu, ya tashi da ƙuri'un wakilai 312, Kamala Harris ta Democrat 226. Da wane suna zan kira tarin mutanen nan? Sai kuma demographic change, ita ma ina nema.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Haɗaka mana. Ai ita ce a bakin kowa yanzu.

Yaya Ladi, Bukuru: Ko ƙawance. Ƙawancen masu zaɓe.

Mai Shiri, Jos: Yaya, na gwada su duka biyu da ƙarfi a mota ina saukowa daga Farin Gada, ba su zauna ba. Haɗaka da ƙawance manya ne ke zama a ɗaki su ƙulla su, kamar yadda jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC a 2013. Su kuwa waɗannan ba su taɓa haɗuwa ba. Balarabe mai shago a Dearborn ta jihar Michigan, wanda yaƙin Gaza ya sa ya juya wa Democrat baya, ina ya san makiyayin ƙaramar hukumar Starr a bakin iyakar Texas da Meziko? Kafin 2024, rabon Starr da zaɓen Republican, jam'iyyar Trump, tun 1892. Amma ga su sun kwana a akwati ɗaya, na Trump, kowa da dalilinsa.

Ɗan Gangare: To ka ce maja kawai, kowa zai gane.

Baba Malam, Anguwan Rogo: A'a, ɗana. Maja Turanci ce aka sa mata hula. Shekara talatin ina koyar da Hausa, abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce harshe mai faɗi irin namu sai ya yi bara. Ga kalma a gonarmu: DAMI. Manomi yana tsinto zangarniya nan da can, ya haɗa, ya ɗaure. In maɗauri ya yi sanyi, tun a kan hanyar gida za ka ga zangarniya na zamewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sami Harris ke nan. Ka ce "damin ƙuri'un Democrat ya kwance", tsohuwa a ƙauye ma ta gane.

Yaya Ladi, Bukuru: Baba, hoton ya yi kyau wallahi. Amma dami hatsi iri ɗaya ne, dawa da dawa, gero da gero. Shi kuma yana neman kalmar da za ta nuna iri daban-daban. Kuma raina bai so a mai da masu zaɓe amfanin gonar ɗan siyasa ba. Ni na yi layi tun asuba a 2023, ba wanda ya girbe ni.

Ɗan Gangare: Tsintsiya fa? Maɗaurinki ɗaya.

Mai Shiri, Jos: Ka rufa mini asiri. In ce tsintsiya a rediyo a Filato, kafin in fito an ce na yi wa jam'iyya talla.

Abban Khalifa, Abuja: Ku yi haƙuri, amma kafafen Hausa sun daɗe suna cewa "gwamnatin haɗin gambiza". A ɗauko daga nan, gambizar masu zaɓe. Irin wannan aiki a bar wa Kano da Katsina, Hausar Jos ta kasuwa ce.

Yaya Ladi, Bukuru: Malam, janye wannan maganar. Hausa ce ta raine ni duk da ba Bahaushiya ba ce ni, da ita nake addu'a a coci, da ita nake sayen dankali a Terminus. Mu da muka haɗa harsuna da yawa a kanta mun fi kowa sanin abin da ake nufi da jama'a daban-daban su taru a inuwa ɗaya.

Baba Malam, Anguwan Rogo: Gambiza tana da warin raini, kwashe-kwashe ce. Kuma ɗan'uwa na Abuja, ba a gadon harshe da takardar haihuwa. Ina nan kan dami.

Abban Khalifa, Abuja: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, bakina ya yi saɓo. Amma Baba, in aro laifi ne, siyasa da jam'iyya da ƙuri'a duk na Larabci ne, ba ku taɓa korar su ba.

Baba Malam, Anguwan Rogo: Waɗannan sun daɗe a gidan, sun zama 'yan gida.

Mai Shiri, Jos: Don Allah malamai, dare na yi. Gamayya fa? An gamu ne kawai, ba a sa hannu a takarda ba. Na auna ta da namu zaɓen: a 2023 Peter Obi ya ci Filato da Legas da Abuja, matasan birni da masu zuwa coci da 'yan kudu maso gabas suka gamu a kansa, alhali jam'iyyarsa ba ta da gwamna ko ɗaya a lokacin. "Gamayyar masu zaɓen Obi." A kunnena ta zauna.

Yaya Ladi, Bukuru: Ta zauna. Sai dai karon farko ka ɗan fassara, don an saba jin gamayyar ƙungiyoyi. Ɗayar kuma, demographic change, ka ce "sauyin fasalin jama'a": su wa suka ƙaru, su wa suka tsufa, su wa suka yi ƙaura. Kada ka ce ƙidaya, za a ɗauka ta 2006 kake nufi.

Ɗan Gangare: Fasali ba na jiki ba ne? Ni zubin jama'a ya fi mini.

Mai Shiri, Jos: Wannan mu bar ta sai wani makon, gobe zan bayyana ta da jimla. Baba, kun yarda da gamayya?

Baba Malam, Anguwan Rogo: Ban yarda ba, amma Hausa ce, ba zan hana ka ba. Gamayya ba ta kwancewa, dami ne ke kwancewa, kuma labarinka na kwancewa ne. In ka zo kan Michigan ka sa dami ko sau ɗaya ne. Zan kunna rediyo.

Mai Shiri, Jos: Sau ɗaya, Baba, in sha Allahu. Ƙarfe 9.