Musayar Waƙa: Ƙanzon Lokaci

Mai Tumatir, Jos:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Jiya ƙararrawar addu'ar safe ta same ni a bakin mota ina ciniki. Abin ya tsaya mini a rai, shi ne na zuba shi a waƙa. Mai amsa ya amsa.

Ƙarfe huɗu na bar gida,
Na kama hanyar Farin Gada,
Ƙararrawa na kiran sujada,
Ni ko ina lissafin jari.

Tumatir bai iya jira,
Ya kwana biyu ya zama asara,
Nakan ce, Ubangiji, zan gyara,
Gobe in an kwana, yau dai a bari.

Da dare in na buɗe Littafi,
Ido ya yi nauyi, jiki ba ƙarfi,
Kafin in kai rabin shafi,
Barci ya sace ni tun da wuri.

Na ba kasuwa tuwo da miya,
Yara suka sha romon tukunya,
Shi da ya ba ni rai da lafiya,
Ƙanzo na kankaro masa, ba ƙari.

Dattijo Manomi, Wusasa:
'Yata, ki tambayi mai noma,
Ran da ya ɗaure dami goma,
Kafin uwargida ta kai turmi ma,
Zangarniya mai kyau ya ware iri.

Ba ya bari sai rumbu ya ƙare,
Sannan ya duƙa ƙasa ya share,
Wanda ya cinye irinsa da dare,
Ran shuka zai yi ta roƙo a gari.

Ku fara biɗar Mulki, in ji Yesu,
Ci da sha da tufa, Uba ya san su,
Tsuntsaye ba rumbu gare su,
Bai manta ɗaya ba a cikin ɗari.

Shi ma a Kafarnahum an cika ƙofa,
Masu ciwo, wasu ba sa taka ƙafa,
Da asussuba, duhu bai yaye ba fa,
Ya fita addu'a a keɓaɓɓen wuri.

Ki duba Matiyu 6:33 da Markus 1:35. Littafin nan da barci ke ƙwace miki, tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan Likita Mila, Baturen mishan, da abokan aikinsa sun sha shekaru a kansa. Iyayenmu da fitilar aci-balbal suka karanta shi, bayan sun yini suna huɗa.

Malamar Jinya:
Baba, na durƙusa, a gafarce ni,
Lahadi uku aiki ya tsare ni,
Wata a Zumuntar Mata ta harare ni,
Wai na sa albashi a fari.

Sa'ad da kuke ɗaga waƙa,
Ina riƙe da jariri ya kasa shaƙa,
Addu'a a zuci nake ta miƙa,
Har ya tsala kuka, na ga alheri.

Kowa na yabon Maryamu,
Marta ce kullum abin zarginmu,
To wa ya dafa abin da baƙi suka samu?
Wa ya hura wuta, wa ya yi shiri?

Ina nufin 'yan'uwan nan biyu da Yesu ya sauka a gidansu: Maryamu ta zauna tana sauraronsa, Marta kuwa tana ta hidima.

Dattijo Manomi, Wusasa:
Yesu bai tsawata wa tukunya ba,
Bai ce girki zunubi ne ba,
Zuciyar Marta ce ba ta natsu ba,
Damuwa ta yi mata katutu, ba tsari.

Shi ma ya warkar ran Asabaci,
Farisiyawa na kallo da ƙunci,
Aikinki sujada ne, ba butulci,
Mai harararki ta yi haƙuri.

Amma tambaya ɗaya, 'yata,
Ranar da aka ba ki ki huta,
Me hannu ke fara ɗauka ya karanta,
Littafi ko waya, da fari?

Malamar Jinya:
Baba, wannan kibiya ta same ni. Waya ce. Tun ban sauko daga gado ba nake buɗe WhatsApp. Ba ni da baitin kare kai.

Direban Tirela:
A yi mini afuwa, ni ba mawaƙi ba ne, amma maganar ta taɓa ni.

Kwandunanki, Mama, ni ke ɗauka,
Jos zuwa Legas, rana da dare duka,
Yaron motata in azahar ta yi sai ya sauka,
Ya ɗau butarsa, bai damu da sauri.

Tun daga Akwanga har Lokoja,
Musulmi ne, ya ba sallarsa daraja,
Ni da na rataya gicciye, ina ta ja
Da ɗan kamasho a kan naira ɗari.

Daniyel na riƙe da mulkin ƙasa,
Sau uku a yini gwiwarsa a ƙasa,
Ramin zakoki bai sa ya fasa,
Ni da burki a ƙafata, ina uzuri?

Yanzu in ya tsaya nakan tsaya,
Shi kan tabarma, ni a gindin taya,
Zabura ɗaya nake buɗewa a waya,
Sannan mu jiƙa gari da sukari.

Mai Tumatir, Jos:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗana direba, ka ba ni kunya mai amfani.

Agogo na mayar uku da rabi,
Kafin kwando in karanta babi,
Bisharar Markus ita zan bi,
In kun ji ni shiru, a tashe ni da wuri.

Malamar Jinya:
Mama, aikin dare nake wannan mako,
Uku da rabi idona biyu, ban ko
Runtsa ba, ni zan kira ki tun farko,
Ki ɗora wayarki kusa da kai, kar ki bari.

Wane babi za mu fara?

Mai Tumatir, Jos:
Na ɗaya, 'yata. Ki karanta da ƙarfi, ina ɗaura zane ina ji.