Shawarwari kan fentin 'yan sojojin wasan tebur

Da aka tattauna kan fentin 'yan mutum-mutumin wasa, sojojin sararin samaniya da dodanni masu tsayin milimita 28, baki ya zo ɗaya a kan abu guda: a tsinka fenti da ruwa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin kaurin yana cike ido da zanen sulke, soja ya koma dunƙule. Ni ma na taɓa ɓata fuskar wani jarumi haka, har yau abin yana min ciwo.

Kafin fenti, a kankare layin zubi (ɗan siririn tudun da ke saura a jikin mutum-mutumin daga wajen ƙera shi) da wuƙa, a fesa shafin farko, fari ko baƙi. Ƙananan sojoji masu tsayin milimita 6 kuwa launi mai haske ya fi karɓarsu, tunda daga nesa ake kallonsu.