Dan Allah a ba ni shawara, gidan jinya biyu aka ce mu zaɓa wa Baba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi na daɗe ina juya abin nan a raina kafin in rubuto dan na san wasu za su ce me ya yi zafi. Baba ne ya samu shanyewar ɓarin jiki sati biyu ke nan, yana asibiti nan New York, hannun dama da ƙafa ba sa motsi, maganar ma sai ka kasa kunne sosai. Sama da shekara ashirin yana tuƙin tasi a garin nan, yana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, alhamdulillah. Yanzu sun ce ranar Talata za su sallame shi amma ba gida ba, sai gidan jinya inda za a riƙa masa gashi. Mu a hawa na huɗu muke ba lifta, ina aiki maigida yana dutin dare, Mama ita kanta gwiwa ke damunta ba za ta iya ɗaga shi ba.

Cikin jerin da suka ba ni biyu ne ke da gado. Na duba su a Care Compare, shafin gwamnati da ke ba gidajen jinya taurari, na farko taurari 4, na biyu 3. Na farkon na je na gani, sabon fenti, furanni, ko'ina ƙamshi, amma sai na hau jirgi biyu da bas. Na biyun tsohon gini ne, minti sha biyar daga gidanmu a ƙafa. Yaya yana Kano ya ce huɗu ai ta fi uku, meye na tambaya kuma. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Wata nas a Bronx:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Shekara tara ina aiki a irin gidajen nan, to ki saurare ni. Tauraron da kika gani a sama haɗi ne, ki danna ciki za ki ga kashi uku, binciken da jami'an jiha suke zuwa yi, yawan ma'aikata, sai na ingancin kulawa. Na binciken shi ne tushe, daga shi ake fara lissafi, in gida ya samu 5 a ingancin kulawa sai a ƙara masa tauraro ɗaya a sama. To shi wannan na ingancin, yawancin bayanansa gidan ne da kansa yake cikewa ya tura wa gwamnati, kin ga kuwa ba mai cewa miyarsa ba daɗi. Na ma'aikata ya fi ƙarfi dan tun 2018 daga takardun albashi ake ɗaukar sa, kuma tun 2022 suna nuna ma'aikata nawa ne a ƙarshen mako da nawa ne suke ajiye aiki a shekara. Nan nake so ki sa ido. Gidan da fiye da rabin ma'aikatansa ke tafiya duk shekara akwai abin da ke korar su, kuma Baba ne zai ji a jikinsa, kullum sabuwar fuska da ba ta san yadda yake haɗiye abinci ba.

Maganar gaskiya ba likita ne zai riƙe Baba ba, ba ma ni ba, masu taimakon nas ne wato CNA, su ke juya shi duk awa biyu, su canza masa famfas su ba shi abinci a baki. In mutum ɗaya aka bar wa tsofaffi sha biyar ko ashirin da dare, komai tausayinta wani zai kwana a jiƙe, daga nan gyambon kwanciya ke farawa. Dokar jihar New York ta ce a ƙalla awa 3.5 na jinya ga kowane mutum a rana, ki duba ko sun kai. Ki turo min rabe-raben in gani.

Mai tambaya:
Anti na gode, wallahi ban san ana dannawa ba. Na farkon bincike 3, ma'aikata 2, inganci 5. Na biyun bincike 3, ma'aikata 4, inganci 3.

Nas ɗin:
Kin gani ko. A bincike kunnen doki suke, huɗun nan daga abin da suka rubuta wa kansu ta fito. A ma'aikata kuwa na kusa da ku ya yi masa nisa.

Wani dattijo a Chicago:
'Yata ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu ba mu gaji kai iyaye gidan tsofaffi ba. Ku haɗa kuɗi a mai da shi gida cikin danginsa, a samu yaro mai kula da shi, ya riƙa jin kiran sallah. Zuciyar tsoho tana karyewa a hannun baƙi.

Wata 'yar uwa a Maryland:
Baba maganarka gaskiya ce kuma kowa abin da yake ji a ransa ke nan, amma mutumin da bai yi sati uku da shanyewar jiki ba ai ba yanzu ne lokacin sa shi a jirgi ba, watannin farkon nan su ne gashi ya fi yin aiki, kuma Medicare ba ta biyan jinya a Najeriya. Ba yar da shi za ta yi ba, ya samu ƙarfi tukuna sai a yi maganar gida.

'Yar uwa ni abin da zan ƙara, ki buɗe rahoton binciken ki karanta da kanki, kar ki tsaya a tauraron. Kowane laifi suna sa masa harafi daga A zuwa L. D ko E za ki gan su kusan ko'ina, amma daga G zuwa sama yana nufin wani ya cutu da gaske, J K L kuwa rai ne aka sa a haɗari. Ki duba ko laifi ɗaya ne ke maimaituwa duk zuwan masu bincike. In kika ga alamar jan hannu kusa da sunan gidan, an kama su da cin zarafi ko sakaci, kar ma ki ɓata lokacinki. Lokacin surukata ban san wannan ba, gidan da muka kai ta na da kyau kamar otal, kwana goma sha biyu na ɗaga zaninta na ga fatar ƙugunta ta yi ja ta fara salewa, har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Daga baya na ga ashe an rubuta su a kan wannan ɗin sau biyu.

Wani ɗan uwa mai tuƙi a Harlem:
Hajiya kar ki manta maganar kuɗi. Kwana 100 ɗin da ake cewa Medicare na biya a gidan jinya ba duka ne kyauta ba, 20 na farko ne Medicare ke biya gaba ɗaya, daga na 21 akwai sama da dala 200 a kanku kullum sai in yana da Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ko wata inshorar. Ki fara cike takardun tun yanzu kuma ki tambayi gidan ko suna karɓar Medicaid. Sannan kowace jiha tana da jami'in karɓar ƙorafin mazauna gidajen nan, ombudsman ake ce masa, kyauta ne, lambarsa na manne a bango, ki ɗauka a waya.

Nas ɗin:
Sai abu na ƙarshe, ziyarar da suka shirya miki da rana ba ita ba ce. Ki je Lahadi bayan magariba ba tare da kin sanar ba, ki hau benen da za a kwantar da shi. Ki tsaya ki ga ƙararrawa minti nawa take yi kafin a amsa, ki duba tiren abinci ko an ajiye wa wanda ba ya iya ɗaga hannu an tafi. Dole ne su manna adadin ma'aikatan ranar a inda kowa zai gani, ki gwada da waɗanda idonki ya ƙirga. Ki faɗa musu ba ya cin naman alade, yana sallah, kuma kin fi so namiji ya masa wanka, a rubuta a fayil ɗinsa ba da baki kawai ba. Kuma wallahi a wajen aiki muna sanin tsohon da 'yan uwansa ke leƙowa kullum, kusancin nan kar ki raina shi.

Mai tambaya:
Salam, na dawo. Jiya Lahadi na je duka biyun. Na farkon a hawa na uku mata biyu na gani, ɗaya ta ce daga ejansi aka turo ta ranar, wata tsohuwa tana ta kira na duba agogo minti ashirin da biyu kafin a shiga. A rahotonsu kuma na ga G ɗaya a kan gyambo. Na biyun akwai ɗan wari a bakin lifta ba zan ɓoye ba, fentin ma ya tsufa, amma mutum huɗu na ƙirga, ɗaya 'yar Kumasi ce tana jin Hausa, ta ce shekararta bakwai a wurin. Na kira asibiti da safen nan na ce na biyun. Mama ta ce za ta riƙa kai masa kunu da safe ni in je bayan aiki. Anti dan Allah kunun sai na tambayi mai duba haɗiyarsa tukun ko? Dan a asibiti har ruwa sai sun kaurara masa suke ba shi.

Nas ɗin:
Eh ki tambaya tukun, kar a ba shi komai ta baki sai ta gwada shi ta faɗa muku kaurin da zai iya, dan in ya sarƙe huhu yake tafiya. Ki kai mata kunun a kofi ta gani da idonta.